Kotun Da Aka Sayar Fam Ɗaya

A kan titin Crumlin, cikin birnin Belfast na ƙasar Ailan ta Arewa, akwai wasu manyan gine-gine biyu da ke fuskantar juna, gidan yari da kotu. Mutum ɗaya ne ya zana su, Charles Lanyon, a farkon mulkin Sarauniya Biktoriya. An buɗe gidan yarin a 1846, aka kammala kotun a 1850. Uwa ɗaya uba ɗaya ke nan, amma kowa da irin rabonsa.

Lanyon bai yi wa kotun ginin wasa ba. Ya kafa mata dogayen ginshiƙai a gaba irin na tsofaffin gine-ginen Girkawa, masu adon ganye a kawunansu, can bisa ƙololuwa kuma aka tsayar da mutum-mutumin mace mai wakiltar adalci. Manufar ita ce duk wanda ya hau matakalar nan ya ji gabansa ya faɗi tun kafin ya ga alƙali. Sai dai waɗanda ake tuhuma ba ta nan suke shiga ba. An haƙa wata hanya ta ƙarƙashin ƙasa wadda ta ratsa titin, ta cikinta ake taso ƙeyar fursuna daga gidan yari zuwa gaban shari'a, a komo da shi ba tare da ya ga hasken titi ba. A zamanin tarzomar ƙasar, tun daga 1973, a nan aka yi ta shari'o'in 'yan bindiga na ɓangarorin biyu, alƙali ɗaya tal yana yanke hukunci ba tare da masu taya shi ba.

An rufe gidan yarin a 1996. Kotun ta biyo baya a watan Yuni na 1998, wata biyu bayan yarjejeniyar sulhu ta Belfast. Daga nan ne hanya ta rabu.

Gwamnati ta riƙe gidan yarin, ta kashe kuɗi ta gyara shi, ta buɗe shi ga masu yawon buɗe ido a 2012, har ana biyan kuɗi a leƙa ɗakin da ake rataye mutane. Ita kuwa kotun, sai aka sayar wa wani ɗan kasuwa a 2003 a kan fam ɗaya, bisa fatar zai raya ta. Aka yi maganar ofisoshi, aka yi maganar otal, shiru kake ji. A 2009 gobara ta ci ta fiye da sau ɗaya, rufin ya lalace, ruwan sama ya samu ƙofa. Wani kamfani ya karɓe ta a 2017, ya samu izinin mayar da ita otal, aikin bai tabbata ba, a 2020 kuma wuta ta sake tashi a cikinta.

Abin lura shi ne, duk wannan ya faru alhali kotun tana cikin jerin gine-ginen tarihi da doka ta kare, a mataki na biyu, wanda ake kira B+. Dokar ta hana mai gini ya rushe shi ko ya canja masa kamanni sai da izini, amma ba ta ɗora masa wajibcin toshe yoyo ba. Hukuma tana da ikon ta yi gyaran gaggawa ta bi shi kuɗinta, ko ma ta ƙwace ginin ta biya diyya, sai dai hukumomi ba su cika son taɓa wannan ba, domin wanda ya ƙwace shi ne zai ɗauki nauyin.

Ba za a ga laifin gwamnati ba don ta nemi mai kuɗi ya rage mata kaya. Laifinta shi ne sakin igiyar baki ɗaya, ta miƙa ginin da tarihin dubban iyalai ke ƙunshe a ciki, ba ta tanadi hanyar karɓo shi da wuri ba in alkawari ya gagara. Da aka buɗe gidan yarin, an riƙa kai baƙi cikin hanyar nan ta ƙarƙashin ƙasa, su taka ta zuwa wani wuri, sa'an nan su juyo, domin babu halin fita ta ɗaya bakin.