Anza Ba Abin Kunya Ba Ce

Jama'a, ku ji wani abu. A Ingila, a shekarun 1990, an yi wani shiri a talabijin. Wani Bature ya shiga jirgin ruwa, yana bin rafi, yana tsinko ganyen daji yana dafawa. Mutane suka yi ta yabonsa.

To, mu fa? Tun kaka da kakanni matan Damagaram suke shiga tafki su ciro bado. Suna kwaɗon tafasa da jiga. Suna jiƙa anza kwana da kwanaki, suna sake ruwa har ɗacin ya fita. Wa ya yabe su? A 2005 masu ɗaukar hoto suka zo ƙasarmu, suka nuna wa duniya ƙwaryar anza, wai ga alamar yunwa. Mu ma muka yarda. Yau in baƙo ya yi sallama, sai uwargida ta ɓoye ƙwaryar.

An sha wuya a waccan shekara, gaskiya ne. Amma gero ya ƙone, anza tana nan kore, ita ta riƙe yara. A Zinder, kamfanin Sahara Sahel Foods yana sayenta daga hannun matan ƙauye da kuɗi. Kai kuwa, maigida, kana sare ta a gonarka kana cinna mata wuta.