Sharhi: Da Wane Ma'auni Ake Karrama Masu Gabatar da Shirye-shiryen Talabijin?

Sharhinmu na yau ya duba lambobin yabon da ake ba masu gabatar da shirye-shirye a talabijin.

Da shekara ta zo ƙarshe sai ka ji an shirya bikin karramawa, an kira sunan gwarzo, an miƙa masa kambu, an yi hotuna. Ba laifi, yabon gwani ya zama dole. Sai dai wa ya zauna ya kalli shirin, kuma da me ya auna shi? Sau da yawa ƙuri'ar wayar salula ce ke yanke hukunci, wanda ya fi yawan mabiya a Facebook shi ke lashewa. Farin jini daban, iya aiki daban.

Mutanen Bauchi sun san darajar magana. A nan Sir Abubakar Tafawa Balewa ya yi koyarwa kafin ya zama Firayim Minista, har duniya ta yi masa laƙabi da Mai Muryar Zinare. Duk wanda ya saurari jawabinsa na ranar 1 ga Oktoban 1960 zai ji mutumin da ya auna kowace kalma kafin ya furta ta.

Wannan ma'aunin ya kamata a ɗora wa duk mai zama gaban kyamara, a gidan talabijin na jiha BATV ne ko a NTA Bauchi. Ga baƙo ya ce an kammala aikin ruwa a wata unguwa. Wani mai gabatarwar sai ya gyaɗa kai, ya leƙa takardarsa, ya wuce tambaya ta gaba. Gwani kuwa cewa zai yi: "Ranka ya daɗe, nawa aka kashe? Yaushe famfo zai fara zuba?" Wannan tambaya ta biyu ita ce aikin, domin ita matar da ke sayen ruwa wajen 'yan ga-ruwa take jira a yi a madadinta. Sai kuma harshe. Mai gabatarwar ya furta Jama'are da Misau da Ningi daidai? Ya ce kasafin kuɗi, ko ya cusa Turanci inda Hausa ta wadatar? In mai kira ya ɗauki zafi ana tsakiyar shiri kai tsaye, ya iya kwantar masa da hankali ba tare da ya wulaƙanta shi ba?

A matakin ƙasa akwai lambar yabo ta kafafen yaɗa labarai, wato NMMA, inda ake miƙa aiki alƙalai su tantance, amma ba kasafai ake jin sunan mai gabatarwa da Hausa a can ba.

Don haka muna kira ga ƙungiyar 'yan jarida ta NUJ reshen jihar Bauchi da ta haɗa kwamitin alƙalai daga tsofaffin ma'aikatan gidan rediyon jiha BRC da malaman aikin jarida na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ta Tatari Ali. Su kalli shirye-shiryen da kansu, su bayyana ma'auninsu tun kafin a fara, kuma wanda bai ci ba a rubuta masa inda zai gyara.