Daga kasuwar Shahe zuwa Yankari: Me ya sa China ke morar dazukanta, namu ke zama maɓoyar 'yan bindiga?

Kasuwar Shahe da ke gundumar Tianhe a birnin Guangzhou tana fara ci tun da asuba, kafin la'asar kuma yawancin shaguna sun rufe. Tana cikin manyan wuraren da 'yan kasuwar Afirka, har da Hausawan Najeriya da Nijar, ke sarin tufafi. Wanda ya gama ɗaure dilolinsa ya ɗaga kai zai hango Dutsen Baiyun, mai tsayin mita 382, lulluɓe da bishiyoyi a gefen birni mai mutane sama da miliyan 18. Hatta shahararriyar taliyar shinkafar nan ta Shahe, da ruwan maɓuɓɓugar dutsen aka fara kwaɓa ta.

Tambayar da ke zuwa a ran baƙo daga ƙasar Hausa ita ce: yaya ƙasar da ta cika duniya da kayan masana'antu ta iya killace dazukanta har suna kawo mata kuɗi, alhali namu da yawa ba sa shiguwa?

Abin da China ta yi

A ranar 12 ga Oktoban 2021, yayin taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan kare halittu a birnin Kunming, Shugaba Xi Jinping ya sanar da kafa gandun daji na ƙasa guda biyar na farko, masu faɗin kimanin murabba'in kilomita 230,000. Sun haɗa da Sanjiangyuan, mafarin kogunan Yangtze da Huang He da Mekong, da gandun dabbar panda, da na damisa a arewa maso gabas, da kurmin tsibirin Hainan, da tsaunukan Wuyi.

An ga amfanin irin wannan kariya tun kafin sanarwar. Ƙidayar da aka kammala a 2014 ta gano panda 1,864 a daji, kuma a 2016 ƙungiyar IUCN ta sassauta matsayin dabbar daga cikin masu fuskantar barazanar ƙarewa.

Kuɗin kuwa, galibi daga aljihun 'yan ƙasa yake fitowa. A hutun mako guda na farkon Oktoba, miliyoyin Sinawa ne ke tururuwa zuwa wurare irin su Zhangjiajie, wanda aka kafa a 1982, da Dutsen Danxia da ke lardin Guangdong, wanda UNESCO ta sanya cikin kayan tarihin duniya a 2010. Cunkoson kan yi yawa: gadar gilashin Zhangjiajie da aka buɗe a Agustan 2016 sai da aka rufe ta bayan kwana 13 saboda yawan jama'a.

Sai dai tsarin bai rasa masu suka ba. An tayar da dubban makiyaya 'yan Tibet daga yankin Sanjiangyuan da sunan kare muhalli, matakin da ƙungiyoyin kare haƙƙin bil'adama suka yi tir da shi. Daga baya hukumomi sun ɗauki mutum guda daga kowane gida aikin gadin daji, fiye da mutum 17,000, suna karɓar albashi kowane wata.

Halin da namu ke ciki

Ba rashin abin kallo ne matsalar yankinmu ba. An keɓe Yankari a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, ya zama gandun ƙasa a 1991, sannan aka mayar da shi hannun gwamnatin Bauchi a 2006. Yana da ɗaya daga cikin manyan garken giwayen da suka rage a Najeriya, ga kuma ruwan ɗumi na Wikki. Gashaka Gumti, wanda ya ratsa Taraba da Adamawa, yana ɗauke da Chappal Waddi, dutse mafi tsayi a ƙasar.

Amma Sambisa, wanda a dā gandun namun daji ne, yau ba a ambatonsa sai tare da Boko Haram. Kamuku da ke Birnin Gwari ya daɗe a matsayin mafakar 'yan fashin daji, kuma masu ɗauke da makamai sun kutsa gandun Tafkin Kainji. A Disamban 2020 gwamnatin Muhammadu Buhari ta amince da ƙarin gandaye goma kan bakwai da ake da su, ciki har da Falgore a Kano, da Kogo a Katsina, da Baturiya a Jigawa. Sanya hannu a takarda abu ne mai sauƙi. Samar da masu gadi da hanya da tsaro shi ne jan aikin.

A Nijar ma haka abin yake. Raƙuman dawan Kure, waɗanda suka ragu zuwa 49 a 1996, sun haura 600 bisa haɗin kan manoma da masu kare dabbobi, har aka kai takwas Gadabeji da ke jihar Maraɗi a 2018. Amma a ranar 9 ga Agustan 2020 'yan bindiga suka kashe Faransawa shida da 'yan Nijar biyu a Kure. Daga ranar baƙi suka ɗauke ƙafa, 'yan rakiya da masu sayar da tsaraba suka rasa abin yi.

Inda dazukan biyu suka haɗu

Akwai wata alaƙar da ba a cika faɗa ba. Yayin da China ke tsare bishiyoyinta, kasuwarta na cinye na wasu. Itacen madobiya da aka sassare a Taraba da maƙwabtanta, China aka riƙa kai shi domin yin kujeru da gadaje masu tsada, har sai da yarjejeniyar CITES ta dakatar da fitar da shi daga Najeriya a 2018. A Janairun 2019 jami'an kwastan na Hong Kong sun kama fiye da tan takwas na ɓawon ɗankunya a wata kwantena da ta taso daga Najeriya.

China ta haramta cinikin hauren giwa a cikin gida daga ƙarshen 2017, ita ma Najeriya ta lalata hauren da ya kai tan biyu da rabi a Janairun 2024. Sai dai Hausawa na cewa ɓera na da sata, daddawa ma na da wari: da mai saye a can, da mai sara da mai ba da takardar izini a nan, duk suna da hannu.

Me za a iya ɗauka?

Najeriya da Nijar ba su da kuɗin China, kuma korar makiyaya da ƙarfi a yankin da rikicin filaye ya riga ya ci rayuka zai ƙara rura wuta ne kawai. Amma abu biyu na iya yiwuwa.

Na farko, a sa maƙwabcin daji ya ci moriyarsa. Ruwanda na karɓar har dala 1,500 daga baƙon da zai kalli goggon biri, tana kuma ware kashi goma cikin ɗari na kuɗin shigar gandayenta ga ƙauyukan da ke kewaye. Mafarauci ko makiyayin da ke karɓar albashin gadi ba zai yi saurin nuna wa ɓarawon giwa hanya ba.

Na biyu, a daina jiran Turawa. Baƙon waje na guduwa da zarar ofishin jakadancinsa ya yi gargaɗi, amma iyalan Kano da Jos da Gombe za su cika Yankari a hutun Sallah idan hanya ta yi aminci, masauki kuma ya gyaru.

Dajin da babu mai gadi kuma babu mai ziyara ba ya zama haka kawai. Wani ne zai shige shi. Mutanen Birnin Gwari sun riga sun ga wanda ya shiga nasu.