Filin Ƙannena: Ranar Ziyara Da Ƙullin Inna



Yau maganata a kan ɗiyar talaka ce da Allah ya kai makarantar masu hali. Abin ba nesa yake ba. Yarinya takan taso daga firamaren ƙauye a ƙasar Kalgo, ta ci jarrabawar shiga sakandare, ta sami gurbi a makarantar 'yan mata ta gwamnatin tarayya da ke Gwandu, ko wata irinta, benci ɗaya da ɗiyar kwamishina. Tun 2013 kuma ga jami'ar tarayya a Kalgo, can ma haɗuwar ɗaya ce.

Kayan makaranta iri ɗaya ne, to ina ake gane juna? A akwati. Wannan madara da Milo da sabulu mai ƙamshi, waccan garin kwaki da ƙuli-ƙuli da ɗan yaji a ƙullin leda. Ni da na yi kwana a makaranta na san masu jiƙa gari sai an kashe fitila, wai kar a gani. Alhali wallahi idan zango ya yi nisa, masu madarar ne ke zuwa roƙon ƙulin!

Amma duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ke ci mini rai shi ne ranar ziyara. Uwa ta sayar da akuyarta, ta hau motar haya, ta iso da dambu a kwano, mayafinta duk ƙura. Ɗiyarta ta hango ta cikin jerin motoci, sai ta ja ta bayan aji, in ƙawaye sun tambaya ta ce wai maƙwabciyarsu ce. Haba ƙanwata! Kina zaton Inna ba ta ji ba? Ta ji sarai, ta dai haɗiye ne. Ƙarya kuwa fure take, ran da asiri ya tonu dariyar ta fi ta farko ciwo.

Ku kuma 'yan gata masu kiran mutum baƙauya, ku tuna Nana Asma'u ɗiyar Shehu ce guda, amma matan ƙauye ta tura wa jajis su karantar, ta kuma karɓe su a ɗakinta.

Ranar ziyara mai zuwa, ki shimfiɗa wa Inna tabarma a inuwar da kowa ke zama, ki kira ƙawarki ta zo ta gaishe ta, ku buɗe kwanon damben nan tare.

Sai fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.