Launin gashin kare ba ya korar dila daga garke

Ƴan uwa makiyaya, wata ɗabi'a ta fara shigo mana daga birni: sayen kwikwiyo don kyan launinsa. A Yamai da Maraɗi ana tallar karnukan waje a WhatsApp da Facebook, mai shuɗin ido, mai ruwan toka, mai dabbare-dabbare, kuma gwargwadon baƙuncin launi gwargwadon tsada. A matsayina na malamin kiwo ina ganin wannan hanya ce ta ɓata mana iri, kuma ga dalilina.

Launi gado ne, rabi daga uba rabi daga uwa. Amma wasu ƙwayoyin gadon ba su tsayawa a gashi kaɗai. Akwai wanda Turawa ke kira merle, mai wanke launi ya bar kare da tabo-tabo kamar an yayyafa masa toka. In kwikwiyo ya gaji guda ɗaya, yawanci lafiyarsa lau. In aka haɗa kare da karya duk masu shi, kusan ɗaya cikin huɗu na ƴaƴan zai gaji biyu. Sai ya fito kusan fari fat, sau da yawa kurma, ko makaho, ko duka biyun. Abin da ke ba gashi launi shi ne kuma cikin kunne ke buƙata don ji ya yi aiki. Inda ya ɓace, ji na iya tafiya tare da shi. Saboda haka ne ƙungiyar masu karnuka ta Ingila ta daina rajistar ƴaƴan irin wannan barbara tun 2013. Masu ruwan toka kuma, wasunsu gashi ke zube musu tun suna ƙanana, fata ta riƙa ƙuraje. Ku ƙara da ranarmu ta watan Afrilu a kan farar fatar da ba ta da kariya.

Kada wani ya je ya kori karensa don yana da zane-zane ko farin ƙirji. Waɗannan launukan gida ne, ba su da laifi. Laifin yana wurin mai kiwon da ke son launi ɗaya ko ta halin ƙaƙa, don hanya mafi sauri gare shi ita ce haɗa uba da ɗiya, ko wa da ƙanwa. Nan ne cutar da ke ɓoye cikin dangi ke samun ƙofar fitowa.

Mu dubi karen Azawak, namu na arewacin Tawa. An kai shi Turai a farkon shekarun 1970, can aka rubuta masa doka: ga launin da aka yarda da shi, ga iyakar farin da zai ɗauka. A zangon Buzaye da ruggar Fulani kuwa launinsa iri-iri ne, ana riƙe shi don gudu, tsaro da juriyar ƙishi. Ni dai na fi yarda da ma'aunin masu shi.

Mu ma ba mu tsira ba. Jar akuyar Maraɗi abin alfaharinmu ce, amma an daɗe ana raina baƙar ƴar uwarta saboda launi kawai, alhali binciken da aka wallafa a 2002 kan awakin yankin Maraɗi ya nuna ja da baƙa sun yi kusa ƙwarai wajen haihuwa da girma. Ita jar aƙalla fatarta na da kasuwa. Kare fa, me launinsa zai ƙara wa garke?

Na san mai sayarwa zai ce abin da mutane ke so yake kawowa. Gaskiya ne, amma kurman kare ba ya jin dila da dare, ba ya jin kiran mai shi, kuma in aka taɓa shi yana barci yana iya firgita ya ciji yaro. Mai sayarwa ya riga ya karɓi kuɗinsa. Ku za a bari da wahalar.

In za ku ɗauki kwikwiyo, ku nemi ganin uwarsa, ku tambayi ubansa da dangantakar da ke tsakaninsu. Bayan ya yi wata ɗaya, ku tsaya bayansa inda ba ya ganinku ku tafa hannu, ku ga ko kunnuwansa sun motsa. Ku duba idanu biyun ko girmansu ɗaya. In ya kai wata uku, ku kawo shi wurin malamin kiwo a yi masa allurar haukan kare, a ba shi maganin tsutsar ciki.