LAIFIN TAFINTA MENE NE?

Jama'a, akwai wata magana da ta yi yawa a bakin masu gyaran kwamfuta, har ma da wasu abokanmu na sashen kimiyya. Wai manhajar da aka yi wa Windows ba ta zama a ko'ina sai a Windows, saboda haka duk wanda na'urarsa ta tsufa sai ya jefar ya sayi sabuwa. To, ni dai na ce wannan magana ba gaskiya ba ce, kuma ta cutar da ɗalibai da yawa.

Ga abin da ya jawo zancen. Ran 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya janye tallafin da ya saba bai wa Windows 10, sai ɗan ƙarin wa'adi ga wanda ya yi rajista. Ita kuwa Windows 11 ba ta yarda da kowace na'ura. Sai mai wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma galibin waɗanda aka ƙera kafin 2017 ba su cikin lissafinta. Yanzu don Allah ku dubi kwamfutocin da ke ɗakunanmu na kwana. Nawa ne ba na hannu ba? A kansu muke buga kundin digiri, lafiyarsu lau, amma an ce wai sun zama shara.

Mafita tana nan, wato Linux, wadda ita ma uwar manhaja ce kamar Windows, kyauta ake ba da ita, kuma ba ta raina tsohuwar na'ura. Da zarar ka faɗi haka sai a ce maka, to manhajojin da ka saba da su fa? A nan ne tafinta ya shigo.

Kowace manhaja roƙo take yi. Takan ce wa uwar manhajar buɗe mini fayil, ba ni taga, aika wannan ga na'urar buga takarda. Wadda aka yi wa Windows da harshen Windows take roƙonta, ita kuwa Linux ba ta jin wannan harshe. Wine shi ne tafintan da ke tsayawa tsakani, ya karɓi roƙon ya juya shi nan take zuwa abin da Linux ke ji. Ba ya bukatar ka sayi Windows, ba ya kuma ƙirƙiro wata kwamfutar bogi a cikin taka, shi ya sa bai cika nauyi ba. An fara aikinsa a 1993, Alexandre Julliard ya karɓi ragamarsa a 1994, kuma sai da aka shekara 15 ana fama kafin a fitar da cikakken bugu na farko a 2008. Mu da muke karatun fassara mun san dalilin wannan jinkiri. Juya kalma abu ne mai sauƙi, kama nufin mai magana shi ne aiki.

Masu suka kashi biyu ne. Na farko sukan ce abin wasan yara ne, ba ya aiki. To, gani ya kori ji. A 2018 kamfanin Valve ya fito da Proton, wanda aka gina a kan Wine, a 2022 kuma ya fara sayar da na'urar wasa ta Steam Deck. Linux ce a cikinta, amma dubban wasannin Windows suna gudu a kanta. Ɗan kasuwa ba ya zuba dukiyarsa a abin da ba ya aiki. Shi kansa Microsoft, wanda shugabansa Steve Ballmer ya taɓa kwatanta Linux da cutar daji a 2001, a 2016 ya ɗora wa Windows nata tafintan domin manhajojin Linux su yi aiki a cikinta. Ashe in su suka yi hikima ce, in talaka ya yi sai ya zama shirme?

Kashi na biyu su ne 'yan ba-ruwanmu-da-Windows. Su cewa suke tafinta yana kashe zuciya. Hujjarsu ita ce OS/2 ta kamfanin IBM, wadda tun 1992 take karɓar manhajojin Windows, sai masu rubuta manhaja da yawa suka ga ba su da bukatar yi mata nata, har ta mutu a tsaye. Wannan hujja tana da nauyi, amma sun manta OS/2 hajar kamfani guda ce, ranar da ya gaji sai ya rufe shago. Linux ba ta da mai ita guda da zai rufe ta. Kuma ɗalibin da zai miƙa aikinsa ran Litinin ba zai zauna jiran ranar da kamfanonin Amurka za su tuna da shi ba. Rashin uwa akan yi uwar ɗaki.

Gaskiya ne tafintan nan yana da inda yake tuntuɓe. Sababbin bugun Microsoft Office da na Adobe suna ba shi wahala ƙwarai, haka ma wasannin da ke da 'yan sandan hana maguɗi masu kutsawa can cikin uwar manhaja. Wanda abincinsa ya rataya a kan irin waɗannan, ya tsaya inda yake. Amma yawancinmu ƙananan manhajoji ne bukatarmu, na ƙamus da na nazarin sauti da makamantansu, kuma irinsu ne suka fi bin tafinta salin-alin.

Saboda haka kirana ga malamanmu shi ne, a daina tilasta wa ɗalibi uwar manhaja guda, a dubi aikin da ya kawo. Ku kuma 'yan'uwana ɗalibai, kafin ku sayar da na'urarku a farashin ƙarfen bola, ku kwafe fayilolinku, ku ɗora Linux a filashi, ku gwada da kanku. In ta ƙi, ba ku yi asarar ko kwabo ba. In ta yi, kuɗin sabuwar ya tafi ga rajista da abinci.