Idon da ke gane sa a kasuwa

Duk Lahadi a kasuwar dabbobi ta Mai'adua ina kallon yadda magidanci ke buɗe bakin sa ya duba haƙora, ya sa a zagaya da shi don ya ga tafiyarsa, ɗingishi kaɗan ya hango ya fasa ciniki. Abin da ke ci mini rai shi ne, mutumin nan zai koma gida ya tarar da jaririnsa ɗan wata biyar wuyansa bai tsaya ba, sai ya ce ai nawa ce, haka shi ma ya yi yana jariri. Jama'a, na yarda yara ba sa tafiya tare, wani na riga wani. Amma jinkiri na da iyaka. Yaron da ya kai wata huɗu bai riƙe kansa ba, ko wata tara bai zauna da kansa ba, ko wata 18 bai taka ba, ma'aikacin lafiya ya kamata ya gan shi. Haka wanda ba ya firgita da ƙara, da wanda ya daina abin da ya riga ya iya. Idon jariri kuwa in ya yi rawaya a makon haihuwa, kada a jira suna, domin ciwon shawara mai tsanani na taɓa ƙwaƙwalwa. Iyaye mata, ku tambaya ranar rigakafi, a auna yaro a rubuta a kati. Maigida, in an tura uwa da yaro Babban Asibitin Daura, ba da kuɗin mota a ranar, ka bi su.